Gargaɗi ga masu mota a Abuja: kada ku yarda a sauke muku altaneta ba a auna ba

Jama'a, assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan magana a raina ban rubuta ba, don ba na son in zama sanadin taɓa abincin kowa. Amma a makon jiya wani maƙwabcina a nan Kubwa ya ba ni labarin abin da aka yi masa, sai na ji kamar nawa yake maimaita mini. Idan na ci gaba da yin shiru, ni ma ina da kamasho a cikin alhakin wanda za a yi wa gobe.

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2007. Wata rana da yamma ina cikin cunkoson Berger, sai jar fitilar nan mai hoton batir ta fara kawowa tana ɗaukewa. Washegari na kai ta wajen wani mai gyaran wutar mota a ɓangaren Apo. Ba zan kama suna ba, kuma ba duk masu sana'ar wurin nake nufi ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu. Ya buɗe bonet ya ce in tayar. Inji na aiki ya sa sifana ya zare kan batir, nan take mota ta mutu. Ya juyo ya ce, "Oga, ka dai gani da idonka, altaneta ta tafi." Altaneta ita ce na'urar da ke cajin batir in inji na aiki. Bai ɗauko mitar auna wuta ba, bai duba bel ba, bai taɓa waya ko ɗaya ba.

A lokacin na ɗauka gwani na samu. Daga baya na san cewa wannan gwajin shi kansa ɓarna ne. Batir shi ke shanye tsallen wutar da altaneta ke yi, in aka zare kansa inji na gudu wutar na iya hauhawa ta ƙona dayod ɗin altanetar (ƙananan na'urorin cikinta da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai), ta ma taɓa kwamfutar motar. Zamanin motoci masu kabireta ne aka saba da wannan dabara, ba ta dace da motar yanzu ba.

Ya kira wani yaro, aka kawo altaneta tana sheƙi, aka ce 'yar Beljiyam ce, daga kwantena aka sauke ta. Na biya Naira 60,000 ban da kuɗin aiki, aka ba ni gwajin kwana bakwai da fatar baki, babu rasit. Da na miƙa hannu zan ɗauki tsohuwata sai ya ce, "Haba Oga, wannan ai sai 'yan jari-bola, bar mana ita in rage maka dubu biyar." Na bar musu. Nan ne aka yanke ni ban ji zafi ba.

Kwana ashirin da 'yan kai, da daddare a kan babban titin Kubwa, da iyalina a ciki, fitilun gaba suka fara dusashewa, rediyo ya ɗauke, mota ta tsaya kusa da gadar Gwarinpa. Duk wanda ya san yadda ake gudu a titin nan ya san halin da muka shiga, ga yara biyu a baya suna kuka. Da na koma sai aka ce kwanakin gwaji sun wuce, wai ma batirina ne ya kashe altanetar. Na sayi sabon batir a shagon da ya nuna mini, na sake biyan kuɗin wata altanetar, an sake karɓe wadda aka cire. Wannan ta biyun wata guda ta yi.

Allah ya haɗa ni da wani dattijo mai gyaran wuta a Dei-Dei, wanda direban ofishinmu ya kai ni wurinsa. Na fara ba shi labari ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, bari mota ta faɗa da bakinta." Ya ɗora mita a kan batir inji a kashe, ya ce lafiyayyen batir mai cikakken caji yakan nuna kusan bolt 12.6. Ya sa na tayar, ya ce nan kuma ana son a ga tsakanin 13.5 zuwa 14.5, tawa ko 13 ba ta kai ba. Ya kunna fitilu da na'urar sanyaya mota, lambar ta ƙara faɗuwa. Sai ya yi abin da ban taɓa gani ba: ya ɗora baki ɗaya na mitar a jikin altaneta, ɗayan a kan baƙin kan batir. Ya ce a nan bai kamata a ga fiye da bolt 0.2 ba, tawa ta doshi bolt guda. Ya bi kaurin wayar nan da ke haɗa inji da jikin mota, ya kwance ta ya miƙo mini. Bakinta ya yi kore shar da tsatsa, rabin siraran tagullar sun tsinke, notin kuma da yatsa ya juya shi.

Ya ce, "Ko altaneta goma za a sa maka, muddin hanyar da wuta ke komawa a toshe take, batir ba zai ƙoshi ba, ita kuma za ta yi ta wahala tana zafi." Daga nan ya sauke 'yar Beljiyam ɗin ya buɗe a gabana. Fentin azurfa aka fesa mata har kan notuna, cikinta baƙi ƙirin da warin ƙuna. An lilliƙa dayod biyu da dalma, na'urar daidaita wutar kuma ta arha ce marar ko tambari. Ta wani ce da ta ƙone a nan garin, aka yi mata kwaskwarimar da za ta wuce kwana bakwai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na koma da ita shagon da aka sayo ta. Ina tsaye muna ka-ce-na-ce, idona ya faɗa kan kanta, sai ga altanetata ta asali, ƙirar kamfanin Denso, wadda ta zo da motar. Na gane ta ne don kunnenta ɗaya ya ɗan gutsure tun wani gyara da aka yi mini a Kaduna. An wanke ta tas, an jera ta cikin 'yan Beljiyam. Baba na Dei-Dei ya ce mai yiwuwa burushi kawai ta cinye, wato ɗan gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren cikinta mai juyawa, abin da ake canzawa da kuɗi kaɗan. Kun ga yadda harkar take: mai gyara ya yanke hukunci, mai shago ya kawo kaya, su karɓe mai kyau su ba ka gyararriya, ta mutu ka dawo, ita ma su karɓe su faci su jira na gaba. Kaya ɗaya ne ke zagayawa tsakanin motocinmu, mu kuma muna ta biya.

Don haka in fitilar batir ta kama muku, ku ce a auna a gabanku, ku karanta lambar da kanku. Mitar ba ta da tsada, kowa na iya ajiye tasa a mota. Ku sa a duba bel: in ya saki zai riƙa santsi caji ya ragu, in an ɗaure shi fiye da kima zai cinye boris. A duba kawunan batir, da babban fis ɗin caji, da soket ɗin bayan altanetar. A duba ko baƙin mai na ɗiga mata daga murfin saman inji, domin mai na jiƙa burushi ya lalata shi, haka ma ruwan matsi da masu wankin mota ke fesa wa inji. Batirin da ɗaki ɗaya ya mutu a cikinsa shi ma yana kashe altaneta, wannan gaskiya ne, amma da na'urar gwajin batir ake tabbatarwa, ba da baki ba. Nawa na farko ba a gwada shi ba aka karɓe.

Masu Honda, Accord ko Civic, ku ƙara kula. Da yawansu kwamfutar motar ce da kanta ke sauke caji zuwa wajen bolt 12 da rabi in babu nauyin wuta, ta mayar da shi sama da zarar an kunna fitilu. Mai son cutar ku zai nuna muku ƙaramar lambar ya ce altaneta ta mutu. Ku ce ya kunna fitila ya sake aunawa.

In kuwa har ta tabbata sai an canza, ku sa wa tsohuwarku alama da ƙusa ko fenti kafin a sauke ta, ku ɗauki hotonta, ku tafi da abarku gida ko nawa aka ce za a rage muku. Ku nemi rasit mai ɗauke da sunan shago da kwanakin gwaji a rubuce. Ni rashinsa ne ya karya ni, domin da na kai ƙara wajen shugabannin kasuwar abin da suka fara tambaya ke nan, kuma ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC mutum zai je, da takarda zai fi ƙarfin magana. Da ƙyar dattawan suka sa aka dawo mini da Denso ɗina, kuɗi kuwa ko sisi bai dawo ba. Baba ya sa mata sabon burushi, ya canza wayar nan mai tsatsa, ya ɗora mita ta nuna 14.1. Wata na biyar ke nan ina zirga-zirga tsakanin Kubwa da cikin gari, fitilar ba ta sake kamawa ba.