Salak ko kwaɗo: wanne ya fi jure zafin Katsina, wanne kuma yara suka fi karɓa?

Maman Sadiƙ, ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce yaranki uku ba sa shiri da ganye: babban yana tsince albasa ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a bakin faranti, autar kuwa da ta hango kore sai ta ture kwanon. Kin ce kina haɗa salak da safe, kafin azahar ya saki ruwa ya yi yaushi, har kina tunanin ki haƙura da shi ki koma kwaɗo. Kina kuma neman yadda za ki riƙa sauyawa don kada ya gundure su. Na sha wannan fama a gidana, nan wajen Ƙofar Ƙaura, don haka bari in jera miki su biyun yadda na same su.

In na ce salak, ina nufin wanda muka sani na biki da Sallah: latas, kabeji, karas, kokwamba, tumatir, dafaffen ƙwai, waken gwangwani, a zuba Bama ko kirim. Kwaɗo kuwa iri biyu ne, kuma bambancin yana da amfani a nan. Akwai na dafaffen ganye, zogale, rama ko tafasa. Akwai na ɗanye, latas, lansir ko kabeji. Mahaɗinsu ɗaya ne: garin ƙuli-ƙuli, ɗan man gyaɗa, albasa, tumatir, yaji da maggi.

Mu fara da ruwan da kike gani a ƙasan tire. Gishiri ne ke jawo shi. Duk ɗanyen ganyen da gishiri ya taɓa, ruwan cikinsa zai fito, kuma Bama akwai gishiri a cikinta, kirim ma haka, maggi kuwa rabinsa ko fiye gishiri ne. Saboda haka kwaɗon latas ma in kin haɗa kin ajiye, abin da zai same shi ke nan, sai dai garin ƙuli yana shanye ruwan ya ɓoye miki, ganyen ya kwanta ya yi lugub. A wannan gaɓa babu gwani tsakaninsu. Da zarar an haɗa, to na ci ne a take. Bambancin da ke tsakaninsu yana can kafin a haɗa, kuma a nan ne kwaɗo ya yi wa salak nisa a garin nan namu.

Garin ƙuli busasshe ne. Ki daka, ki tankaɗe, ki sa yajinki da maggi, ki zuba a kwalba mai murfi, zai yi miki makonni ba ruwansa da wuta. Kwalbar Bama kuwa da an buɗe ta sai firij, kuma kin san yadda wutarmu take. Ba ma Bama ce babbar matsalar ba, ita ta kanti akwai tsami a cikinta da ke ɗan tsare ta. Ƙwai da waken gwangwani da dafaffen dankali su ne masu saurin juyawa. Ƙa'idar da masana lafiyar abinci suka bayar ita ce kada irin wannan ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafi ya haura digiri 32, awa 1 kacal. A Afrilu da Mayu Katsina tana kai digiri 40. Lissafa da kanki: tiren da kika haɗa da hantsi, kafin yara su dawo daga makaranta ya daɗe da wuce lokacinsa, ko da bai yi wari ba.

Wata Sallah ƙarama na haɗa babban tire tun dare don in rage wa kaina aikin safe. Na rufe da leda na sa a firij, tsakar dare aka ɗauke wuta. Da aka sauko daga Idi na buɗe, latas ya manne da tire ya yi baƙi-baƙi a gefe, farin ruwa ya kwanta ƙarƙashin ƙwai. Na zubar da shi duka, baƙi suna zaune a falo. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, don kuɗi ne da wahala. Tun ranar ban ƙara zuba mahaɗi a kan ganye ba sai masu ci sun wanke hannu.

Kada ki ɗauka dafaffen zogale ba ya lalacewa. Dafaffen abinci ne kamar kowane, in ya wuni a rufe cikin zafi zai yi tsami ya fara yauƙi. Ki matse shi sosai bayan dahuwa, ki baza a faranti ya huce, ki kwaɗa abin da za a cinye kawai. Amfaninsa shi ne kina iya ajiye shi a bushe. Zogalen da kika shanya a inuwa da damina zai kai ki har bazara, ki jiƙa ki dafa duk ranar da kika so. Latas ba shi da wannan gatan.

Su ma kayan salak ba ƙarfinsu ɗaya ba. Latas ne rago, kwana ɗaya zuwa biyu in babu sanyi. Kabeji jarumi ne: in ba ki yanka ba, ba ki wanke ba, zai yi mako a wuri mai sanyi, ki riƙa ɓare ganyen waje kina yankar abin da kike buƙata. Karas ki cire masa ganyen kai da kin shigo gida, don ganyen yana zuƙe ruwansa ya bar shi da yaushi. Tumatir kuma kada ki haɗa shi leda ɗaya da latas ko kokwamba, haka ayaba. Suna fitar da wata iska mai nunar da kaya, ita ce ke sa latas ya yi tabo, kokwamba ta yi rawaya.

Abin da ya fi komai taimaka mini shi ne tsane ganye. Bayan wanki ki bar shi a kwando ruwa ya ɗige, ki shimfiɗa a kan tsumma mai tsabta har ya tsane sarai. Sannan ki shimfiɗa wani tsumman a cikin roba mai murfi, ki zuba ganyen ba tare da kin danna ba, ki rufe. Tsumman yana shanye laimar da ke ruɓar da shi. In da firij, latas zai yi kwana uku zuwa huɗu a haka. In babu, ki nemi tukwanen ƙasa biyu, ƙarama cikin babba, ki cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ki rufe da jiƙaƙƙen buhu ko tsumma, ki ajiye a inuwa inda iska ke bi, kina ƙara ruwa safe da yamma. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana aiki sosai da rani, lokacin da iska ta bushe. Da damina ba ta sanyi sosai, kuma ko da rani ta ganye da tumatir ce, ba ta ƙwai ko buɗaɗɗiyar Bama ba. Latas ɗin da ya fara yaushi kuwa, ki tsoma shi a ruwan randa na kamar minti 15, zai miƙe.

Batun wanki ma ya raba su. Kayan lambun da muke saye, ko daga Ajiwa suka zo, ko Jibiya, ko lambunan Ƙofar Marusa, ba ki san da wane ruwa aka yi musu ban-ruwa ba, ba ki san hannu nawa suka bi ba. Ɗanyen latas sai an ɓare shi ganye-ganye an wanke kowanne, an ɗauraye sau biyu ko uku da ruwan da za ki iya sha. Ruwan gishiri ko ruwan khal yana ragewa, amma ba ya kashe komai da komai. Sabulu ko omo kuwa kada ki kusanta da su. Zogale da rama sun riga sun bi ta tafasasshen ruwa. Shi ya sa da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawo, nake janye ɗanyen latas daga gaban ƙananan yara, in tsaya a dafaffen ganye da abin da ake ferewa, kamar karas da kokwamba.

Yanzu ga bakin yaran. A nan gaskiya salak ya fi saurin shiga. Yana da launi, ga ja ga ruwan lemo ga fari, ga ƙwai da kowane yaro ke so, kuma Bama tana lulluɓe ɗanɗanon ganye. Kwaɗo kuwa duhu ne a ido, zogale da ɗan bauri, rama da tsami, lansir da zafi mai hawa hanci. Harshen yaro ya fi namu jin ɗaci, don haka in autarki ta yamutsa fuska ba iya shege ba ne, da gaske take ji. Idan da rama kika fara mata, kin fara daga wuri mafi wuya.

Sai dai akwai abin da na daɗe ban gane ba. Yaro mai tsirfar abinci ba ganyen yake gudu ba kamar yadda yake gudun cakuɗe. Yana so ya ga abin da zai kai baki. Salak ɗin da aka juya da Bama da kwaɗon da aka cuɗa duk sun zame masa abu ɗaya, tuli ne da bai san me ke ɓoye ciki ba. Babban naki da ke tsince albasa abin da yake gaya miki ke nan. Ɗana na biyu haka yake. Wata rana da yamma ina haɗa kwaɗo, ya zo ya tsuguna kusa da turmi yana lakatar garin ƙuli da yatsa. Sai na zuba masa a murfin kwano, na ɗiga mai, na yanka karas dogo-dogo na miƙa masa. Ya dangwala ya gutsura, na ji ƙaras, ya sake dangwalawa. Ya cinye karas biyu yana tsugune, yaron da ko a shinkafa ya ga karas sai ya ware shi. Ban ce masa komai ba, don na san in na yaba zai ajiye.

Wannan shi ne abin da na tsaya a kai, kuma shi nake so ki gwada: kayan salak, mahaɗin kwaɗo, kowanne a wurinsa. Kabeji yankakke siriri a gefe ɗaya na tire, karas a gefe, kokwamba a gefe, ƙwai in akwai, garin ƙuli a tsakiya. Kowa ya haɗa nasa. Kin huta da sakin ruwa tunda gishiri bai taɓa ganye ba, abin da ya rage ya koma roba, yaro kuma yana ganin shi ya zaɓa. Autar in ba ta kai shekara 4 ba, ki goga mata karas a magogi ko ki ɗan turara, don guntun ɗanyen karas yana iya shaƙe ƙaramin yaro.

Kada ki karaya in sun ƙi yau. Masu nazarin cin abincin yara sun nuna yaro kan buƙaci a gabatar masa da sabon abu sau goma ko fiye kafin ya karɓa. Ki sa kaɗan, loma ɗaya, ki ci naki a tire ɗaya da su suna kallo. Ban da tsawa, ban da "sai ka cinye za ka tashi". Na gwada tilastawa a kan babbar 'yata, kuma har yau da girmanta ba ta son warin tafasa.

Wajen sauyawa, salak kayansa da yawa amma duk na saye ne, kuma fuskarsa ɗaya, gefen shinkafa. Kwaɗo yana hawa kan abin da yaran suka riga suka sani. Yau kabeji da ƙuli a kan garau-garau, gobe a cusa a gurasa, jibi a kan ɗanwake ko awara, wata rana zogale kaɗan a cikin dambu, inda tsakin ya rinjayi ganyen. Abu ɗaya za ki sauya a rana, sauran ki bar su yadda suka saba gani. Ki kuma bi lokaci, aljihunki zai huta. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, latas da karas da kabeji da lansir suna arha kuma iska na da sanyi, to a lokacin ki sake ki yi salak ɗinki da Bama ranar Juma'a. Da bazara ki riƙe kabeji, ki yanka masa mangwaro mai ɗan ƙarfi, zaƙin yana jan yara. Da damina zogale da rama da tafasa sun wadata.

Ta fuskar gina jiki ma ƙuli ya fi Bama, don gyaɗa ce, ita kuwa Bama yawancinta mai ne. Ɗan man da ke cikin kwaɗon yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin karas mai gyara ido, kuma in kin matsa lemun tsami a kan zogale, jiki ya fi ɗaukar sinadarin ƙara jini da ke cikinsa. Abu biyu dai ki kula. Ki sayi ƙuli wurin wadda kika san gyaɗarta, ki karya ki shinshina, in da warin hunhuna ko ɗaci ki bar shi, don gyaɗar da ta yi hunhuna tana ɗauke da guba mai illa ga hanta. In kuma wani cikin yaran ya taɓa yin ƙuraje ko kumburin leɓe bayan cin gyaɗa, to ƙuli ba nasa ba ne, ki kai shi a duba, ki yi masa mahaɗi da man da ba na gyaɗa ba da lemun tsami da ɗan gishiri.

Gobe ki fara da kabeji da karas kawai, ki rage yaji a garin ƙulin yaran. Albasar kuma ki yanka, ki jiƙa a ruwan sanyi da ɗan lemun tsami minti 10 zafinta ya fita, ki ajiye ta a ƙaramin kwano kusa da ke. Ki riƙa ɗiba kina zubawa a naki, kada ki yi wa Sadiƙ tayi, ki bar kwanon inda hannunsa zai kai.