Yaya, sola za a haɗa ba janareta ba

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kun tashi lafiya, ya jikin Hajiya, ya yara da zafi. Na ji saƙon muryarka tun shekaranjiya ban samu na amsa ba, aikin dare nake satin nan, in na dawo da asuba sallah kawai nake yi in faɗi. Maganar kuɗin da zan turo ce, kai kace a sayi sabon janareta tunda na gida ya gaji, ni nace a haɗa sola, har kake min tsiya wai na zauna da Turawa na koyi tausayin bishiya da tsuntsaye. To bari kaji yadda abin yake a nan garin Hull na Birtaniya, don wallahi bil ne ya kawo ni ga wannan ra'ayin, ni da tsuntsu har yanzu sai dai a miya.

Wuta dai ba a ɗaukewa, wannan gaskiya ne, tun zuwana a 2021 ban taɓa kwana a duhu ba, ko tocila bani da ita a gidan. Gas kuma ta bututu yake shigowa har kicin, babu ɗaukar tukunya a je a cika. Amma fa akwai wani ɗan ƙaramin allo da kamfani ya bamu, yana nan ajiye kusa da firij, shi ke nuna maka kuɗin da ka ci a ranar, kana kunna butar shayi zaka ga lamba ta zabura. Kuma ko kayi tafiya ka kashe komai ka rufe gida akwai kuɗin da ake caja kullum don kawai waya da bututu sun shigo gidanka. Matata ta tsani allon nan, akwai ranar da ta juya fuskarsa bango tace ita bazata yi girki wani abu yana ƙirga mata ba.

Lokacin sanyin 2022 ne muka gane kurenmu. Akwai hukumar da ake kira Ofgem, ita ke sa iyakar farashin da kamfanoni zasu caja. Lokacin da na zo, matsakaicin gida yana biyan fam 1,277 a shekara, wuta da gas gaba ɗaya. Watan Afrilu 2022 ya koma 1,971. Suka ce daga Oktoba zai zama 3,549. Sai gwamnatin Liz Truss, matar nan da ko wata biyu bata yi a kan kujera ba, ta tsayar da shi a 2,500 gwamnati ta cika sauran, aka kuma rage wa kowane gida fam 400 cikin wata shida. Kaga tallafi kenan tsagwaronsa, irin wanda ake ta cewa mu mu cire. Duk da haka hita awa biyu muke kunnawa da safe, awa biyu da dare, yara da rigar sanyi a cikin ɗaki, mu zuba ruwan zafi a wata jakar roba mu tura ƙarƙashin bargo. Gidan namu tsoho ne na jan bulo, zafi ta bango yake tserewa, taga tayi ta zufa, kusurwar ɗakin yara tayi baƙi da funfuna, in na goge bayan sati ta dawo. Na kira mai gidan ya fi a ƙirga, amsarsa ɗaya ce, wai mu dinga buɗe taga. A watan Disamba fa.

Abin da ya ɗaure min kai a lokacin shi ne, kowa cewa yake Putin ne, yaƙin Yukren ne, alhali Birtaniya gas ɗin da take saye daga Rasha ɗan kaɗan ne. Yawanci daga nasu tekun ne da Norway, sai wanda ake kawowa a jirgin ruwa daga Ƙatar da Amurka. Ashe shi gas kasuwarsa ɗaya ce, kamfanin da ya haƙo a tekunsu ba zai sayar musu da araha ba don suna 'yan gida, farashin duniya zai sa. Kai ka fi ni sanin wannan, ɗanyen mai a ƙasarmu yake amma dala na motsawa lita ta motsa. Tun 2004 gas ɗin da suke shigowa da shi ya fi wanda suke fitarwa, rijiyoyin sun tsufa, ga shi yawancin gidaje da gas suke ɗumama ɗaki. Har babban rumbun ajiyar gas ɗinsu da ke cikin teku nan kusa damu, Rough, sun rufe shi a 2017, da wuta tayi wuta a 2022 suka koma suka buɗe. Sannan ita wutar lantarki, tashar da ta fi tsada cikin waɗanda aka kunna ita ke yanka wa sauran farashi, kuma kusan kullum ta gas ce, shi yasa ko iska ce ta baka wutar kuɗin gas kake biya.

Ko tumatir bai tsira ba. Watan Fabrairu 2023 na shiga babban kanti na tarar da wajen tumatir da tattasai wayam, wasu kantunan suka manna takarda mutum ɗaya kar ya wuce uku. Yanayi ne ya ɓata amfanin gona a Sifen da Maroko, su kuma manoman nan da ke shukawa a ɗakin gilashi sun rage saboda kuɗin ɗumamawa ya fi ƙarfinsu. Na tsaya ina tuna 'Yankaba lokacin kaka, kwando kwando ana roƙonka ka ɗauka. Sati uku da na gwangwani muka yi miya.

To a nan siyasarsu ta shigo, kuma ka san ni da sauraron rediyo a mota. Da can maganar muhalli ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. Firaminista Margaret Thatcher da kanta, uwar 'yan jam'iyyar Kwanzabatib, ta tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989 tayi gargaɗi kan ɗumamar yanayi. Jam'iyyar Leba ce tayi dokar sauyin yanayi a 2008, 'yan adawa suka mara mata baya, waɗanda suka ƙi basu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Theresa May ta Kwanzabatib ce ta ƙara wa dokar ƙarfi a 2019, cewa zuwa 2050 hayaƙin da ƙasar ke fitarwa kar ya wuce wanda take iya shanyewa, abin da suke kira net zero. Boris Johnson har cewa yayi zai mayar da Birtaniya Saudiyyar wutar da ake samu daga iska. Daga baya ne aka fara ja da baya. A 2023 akayi zaɓen cike gurbi a mazaɓar Uxbridge da ke Landan, Kwanzabatib suka sha da ƙyar saboda mutane na fushi da harajin fam 12.50 a rana da magajin garin Landan Sadiq Khan ke shirin faɗaɗawa kan tsofaffin motoci, sai suka ga ashe akwai ƙuri'a a wajen, wata biyu bayan nan Firaminista Rishi Sunak ya ɗaga ranar daina sayar da sabbin motocin fetur daga 2030 zuwa 2035. Yanzu kuma shugabarsu Kemi Badenoch, wadda ta tashi a Legas ta san ɗauke wuta sarai, tace 2050 ɗin ba mai yiwuwa ba ne, in sun dawo mulki soke dokar 2008 zasu yi. Jam'iyyar Reform ta Nigel Farage ita dama tun farko cewa take a watsar da komai a koma haƙo mai da gas.

Ka lura da wani abu, su masu son a ci gaba da shirin sun rage maganar ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya, sun gane mai fama da bil ba zai saurara ba. Maganar tsaro suke yi. Ita kanta ma'aikatar da aka kafa a 2023, tsaron makamashi ne a farkon sunanta kafin net zero. Ed Miliband da aka naɗa ministanta da Leba ta ci zaɓe a Yulin 2024, kusan duk hirar da zai yi sai ya maimaita cewa iskar da ke kaɗawa a tekunsu babu wani shugaban kama-karya da zai iya rufe mata famfo. Su kuma ɗaya ɓangaren da tsaron suke kafa hujja, suce ai gas ɗin da ke ƙarƙashin tekunka ya fi wanda za a kawo maka a jirgi, don me Leba zata daina bada lasisin neman sabbin rijiyoyi. Kowa dai tsaro yake kira. Ni a nawa ganin na farkon sun fi gaskiya, tunda na gani da idona gas na gida bai hana bil ɗina ninkawa ba.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon soja ne, ya haura saba'in, shi ya ƙarasa gamsar da ni ba tare da ya sani ba. Mutumin nan in kana so ransa ya ɓaci ka ambaci 'yan zanga-zangar muhalli masu tare hanya, duk rayuwarsa Kwanzabatib yake zaɓa, yanzu ma ya fara karkata wajen Farage. Amma faranti goma na sola ne a kan rufinsa, da batir a gareji. Wata Asabar ina wanke mota ya kira ni ya nuna min wayarsa, ga abin da rufin ya samar, ga abin da ya sayar wa kamfani, yana ta murmushi kamar wanda akuyarsa ta haifi uku. Nace Baba ashe kai ma ɗan muhalli ne, sai ya haɗe rai yace shi soja ne, abin da aka koya masa shi ne kar ka yarda abincinka da manka su biyo ta hanyar da wani zai iya tarewa. Haka garin namu ma yake, a bakin ruwa akwai masana'antar Siemens Gamesa da ke ƙera fukafukan injin iska, ɗaya ya kai tsawon filin ƙwallo, mutane sama da dubu ke ci a wajen, ga ambaliyar 2007 da ta shiga dubban gidaje har yau ana labarinta, amma a 2025 ɗan Reform aka zaɓa magajin yankin, Luke Campbell, ɗan damben da ya ci zinare a gasar Olamfik ta 2012. Kar ka tambaye ni yadda aka yi.

Da dattijon ke magana Nijar ce ta faɗo min a rai. Ka tuna 2023 bayan juyin mulki da Najeriya ta yanke musu wuta, su da yawancin wutarsu daga wajenmu take, su Kawu a Maraɗi suna kira suna cewa ko cajin waya sai an biya. Ka tuna kuma Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, kusan duk Arewa ta kwashe kwanaki a duhu, kai da bakinka kace min ƙanƙara ta zama zinare, maganin Hajiya na cikin firij sai gidan maƙwabci mai sola kuka kai. Zanen aro dai baya rufe katara.

Ba wai komai na tafiya daidai a nan ba. Leba tayi alƙawarin bil zai ragu da fam 300 zuwa 2030, ni dai har yanzu allon kicin bai ji labari ba. Tashar kwal ta ƙarshe, Ratcliffe-on-Soar, an rufe ta ƙarshen Satumba 2024, anyi ta murna, amma akwai ranakun Disamba da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, iska ta tsaya cak, ranar gas ɗin nan da ake zagi shi ke riƙe ƙasar. Gwamnati na bada fam 7,500 ga wanda zai cire boila, wato tukunyar gas mai ɗumama gida, ya sa na'urar ɗumama gida mai aiki da lantarki, to wannan na masu gidan kansu ne, mu 'yan haya sai kallo. Ma'aikatan mai na garin Aberdeen da ke Scotland su ma suna da gaskiyarsu in sun tambaya ina aikin da aka ce zai maye nasu. Farantan solar kuma kusan duk daga Chaina suke, kaga an rage dogaro da wani an koma kan wani, sai dai shi faranti in ka saya ka kafa ya zama naka shekara ashirin ko fiye, shi kuwa gas da fetur kullum sai ka koma wajen mai shi da kuɗi a hannu.

Abin da ke bani haushi kenan, mutanen da ke ganin rana kamar baƙuwa suna ta kafa faranti, mu da take gasa mu tun daga Maris muna layin jarka a gidan mai.

Don haka ga yadda nake so ayi. Ranar Juma'a in an biya mu zan turo kuɗin. Ka nemi yaron nan da ya haɗa wa masallacin unguwa, ba wanda zai zo da rahusa ya sa mana siririyar waya ba. Ya lissafa firij, fanka huɗu, fitilu da cajin waya, banda dutsen guga, wannan ka gaya wa su Amarya da babbar murya. Batir a sayi lithium ko da kuɗin bai kai a cika faranti ba, gara a fara da huɗu a ƙara daga baya, inbata kuma a ɗauki wadda ta ɗan fi buƙatarmu. Tsohon janaretan kar a sayar, a kai shi gyara a ajiye saboda kwanakin hadari. In hunturu ya shigo a sa yara su dinga goge ƙurar farantin duk bayan kwana biyu, amma da sassafe kafin yayi zafi, kuma wani babba ya riƙe musu tsani. Ka turo min hoton rasit da na rufin in an gama, zan nuna wa dattijon nan. A gaida Hajiya, ace mata man zafin da ta ce yana nan na saya, sai an samu mai tahowa.