Ingila ko Malesiya: Wace Biza Ta Fi Kwanciyar Hankali?

Ɗan Gombe da ya samu gurbin karatu a ƙasashen nan biyu, ya dubi takardar zama kafin ya sa gonar Kumo a kasuwa.

Ingila tun daga gida take tatsar mutum: kuɗin makaranta da na guzuri su kwana 28 a asusu ba su ragu ba, ga gwajin tarin fuka, ga kuɗin lafiya fam 776 kowace shekara. Amma bizar takan kai ƙarshen karatu, ni kam nan ta burge ni.

Malesiya da arha, sai dai ba ta mai barcin safe ba ce. Yawanci duk shekara ake sabunta izini ta hannun EMGS, hukumar da ke kula da takardun ɗaliban ƙasashen waje a can. Halartar aji ta gaza kashi 80, ko matsakaicin makin jarrabawa (CGPA) ya sauka ƙasa da 2.0, sabuntawar ta cije.