Kwat a Ingila: yadi da sauƙi, allura da tsada

Assalamu alaikum ƙanena. Da fatan kowa lafiya, da su Inna da yara. Na ga saƙonka kana tambaya ko ka ba da ɗinkin kwat tun a Kaduna, ko ka bari sai ka sauka Manchester ka saya. Ba kai kaɗai ke yi mini wannan tambayar ba, shi ya sa zan amsa a fili kowa ya gani, musamman masu irin ƙirar gidanmu: gajeru, faffaɗar kafaɗa, gajeren hannu, ga tumbi ya fara leƙowa tun ba a kai shekara arba'in ba.

A gida ba mu taɓa sanin ƙirar nan matsala ce ba. Ka yanko shadda a Kasuwar Gumi, ka miƙa wa telanka a Tudun Wada, ya ja tef ya rubuta a littafinsa, shi ke nan. Kaftani ya rufa maka asiri, wando kuwa zariya ke riƙe da shi, in ka ƙara jiki bayan aure sai ka sassauta. A nan ba a auna mutum sannan a yanka. An riga an yanka, an rataye, kai ne za ka zo ka nemi lambar da za ta karɓe ka.

Lambar da za ka gani a jikin kwat, 38, 40, 42, 44, kewayen ƙirji ne da inci. Bayanta akwai harafi: S na gajere, R na matsakaici, L na dogo. In kwat ta zo haɗe da wandonta, yawanci ƙugun wandon ya gaza lambar kwat ɗin da inci 6. Wato kamfani ya yanke hukunci cewa mai ƙirji 44 ƙugunsa 38 ne. Ni ƙirjina 44, ƙuguna 42. In na ɗauki wadda ta zauna mini a kafaɗa, wandon ba ya ƙullewa. In na bi wando na ɗauki 48, kafaɗar kwat ta zarce tawa ta rataya a iska, hannu ya haɗiye yatsuna. Akwai wani ɗan Rigasa da muke aiki tare, nasa akasin nawa ne, dogo siriri, ƙirji 38, ko mai L ya saka sai tsintsiyar hannunsa ta fito waje. Kuma in ka ga lamba 54 kada ka firgita, awon ƙasashen Turai ne irin su Italiya da Jamus, sukan ɗora 10 a kan lambar Ingila. Sai dai yankan Italiya matsattse ne, ba a yi shi don mu ba.

Mafita ta farko ita ce ka nemi inda ake sayar da sama daban, wando daban, daga yadi ɗaya. Kantunan Marks & Spencer, Next da Moss duk suna yin haka. Ka ɗauki 44S a sama, 42 a ƙasa, babu mai ce maka don me. In aljihu ya yarda ka ɗauki wando biyu, don mai kaurin cinya wandonsa ke fara mutuwa, ya bar kwat sabuwa ba abokin tafiya, kuma in ka koma bayan shekara da wuya ka tarar da wannan launin.

Abin da za ka fara dubawa a madubi kafaɗa ce. Ɗinkin kafaɗar kwat ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗarka ya ƙare. Ka jingina da bango ta gefe: in kwat ta riga ka taɓa bangon har ta lanƙwashe, ta yi maka yawa. Komai na kwat ana iya taɓa shi ban da nan, don gyara kafaɗa sai an warware rabin rigar, kuɗinsa kuma ya kusa na sabuwa. Daga nan ka saka maɓallin sama (na ƙasa ba a saka shi, haka al'adarsu take). In yadi ya ja ya yi layuka huɗu daga maɓallin kamar an yi gicciye, ta matse. Ka sa a duba maka baya: kwalar ta kwanta a wuyan shat ɗinka, kada a ga rata. Tsawonta ya rufe mazaunai ba tare da ya gangara cinya ba, gajere in ya saka doguwar kwat ƙafafunsa ɓacewa suke yi. Hannun kuma ya tsaya a gaɓar tsintsiya, ya bar kamar rabin inci na shat ya leƙo.

Akwai gwajin da babu mai kanti da zai gaya maka. Ka ja labulen ɗakin gwaji, ka yi ruku'u, ka yi sujada, ka zauna zaman tahiya. Wandunan da ake yayi yanzu matsattsu ne kuma ƙugunsu ƙasa-ƙasa yake, a tsaye ka ga gayu, kana sunkuyawa bayanka ya buɗe, shat ya fice. Na sha ganin haka a sahun Juma'a, mutum hannu ɗaya a ƙasa ɗaya yana jan riga. Mai tumbi ya nemi wando mai dogon ƙugu wanda zai hau har cibiya, mai ninki a gaba, in da hali ya riƙe shi da igiyar nan ta kafaɗa maimakon bel. Bel a ƙarƙashin tumbi turo shi gaba yake yi.

Ko ka dace da kafaɗa, da wuya ka tsira daga gyara, kuma a nan ne za ka san ka bar gida. Kwat da wando masu kyau na kanti za ka samu tsakanin fam 150 zuwa 300. Rage tsawon wando kaɗai kamar fam 10 zuwa 15 ne, rage hannun kwat ya ninka haka ko fiye, matse ta a ciki ma haka. Ba zalunci ba ne. A Afrilun 2025 an mai da mafi ƙarancin albashin wanda ya kai shekara 21 fam 12.21 a awa, ga hayar shago, ga wuta. Duk abin da inji ya yi a wata ƙasa aka loda a jirgi yana da sauƙi, duk abin da mutum zai zauna ya yi da hannunsa a nan yana da tsada. A Kaduna gyaran da za a yi maka kana tsaye kuna hira, wani lokacin telan ma ya ce ka bar shi, a nan rasit za a ba ka a ce ka dawo mako mai zuwa. Amma fa in suka ce Laraba, Laraba ce. Ban taɓa jin an ce yaro ya tafi da makulli ba, ko an ɗauke wuta, ko aikin sallah ya yi yawa.

Wanda nake kai wa gyara wani dattijo ne ɗan Pakistan a unguwar Cheetham Hill ta Manchester, shagonsa bai fi shagon mai caji ba girma. Ba ya aunawa da tef sai da allurai. Zai sa ka saka kwat da takalmin da za ka riƙa sawa da ita, ya tsaya a bayanka da allurai a baki, ya kama yadi da yatsu biyu a tsakiyar baya har sai ya ga ya kwanta, ya soka, ya ja layi da alli. Shi ya lura kafaɗata ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, ya ƙara ɗan auduga a ciki, kwalar da ke tashi ta kwanta. Shi ne kuma ya juya wandon ya nuna mini yadin da aka bari a ɗinkin baya, ya ce kafin in sayi kowane wando in fara duba nan, in babu rara babu saki. Rarar ma ba ta wuce inci biyu. Ka duba maɓallan hannu su ma: in na ado ne, rage hannu abu ne mai sauƙi, in kuwa masu buɗewa ne da ramukansu, sai an rage daga kafaɗa, kuɗi ya tashi. Kantin Slaters an san su da yin gyara kyauta in a wurinsu ka saya, mai irin jikinmu ya sa wannan a lissafi. Kuma don Allah ka tsinke zaren da aka ɗaure tsagar baya da shi, ka cire tambarin da ke bakin hannu. Na kanti ne, ba ado ba ne.

Sama da na kanti akwai wanda za a auna ka, a gyara samfurin da suke da shi, a aika masana'anta, ka jira makonni. Wannan daga fam ɗari huɗu ko biyar yake farawa, kuma shi ɗan Rigasan nan ya koma yi don dogon hannunsa. Can ƙoli kuma akwai telolin titin Savile Row a Landan, inda Ozwald Boateng, wanda iyayensa 'yan Ghana ne, yake da shago. Su ne ke yanka maka samfurinka kai kaɗai, ka je gwaji sau da yawa, ka biya dubban fam. Abin da kowane ɗan makaranta ke samu a Kawo ko Unguwar Sanusi, a auna shi a yanka don shi, a nan na attajirai ne. Da ba haka suke ba. Kamfanin Burton na Leeds ya yi shekaru yana auna leburori da akawuna yana ɗinka musu kwat, amma a 2021 aka rufe kantunansa, suna kawai ya rage a intanet. Abin yakan tuna mini Kakuri. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta can da ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfani na yankin Lancashire, da ke nan kusa da inda nake zaune, aka kafa ta, yau ga tamu a rufe, masaƙunsu kuma da yawa an mai da su gidajen haya.

Wajen yadi ka nemi ulu, ko wanda ulu ya fi yawa a ciki. Na roba yana ƙyalli, yana riƙe zufa a jirgin ƙasa, kuma ba ya tare sanyi a tashar bas. Shuɗi mai duhu ko ruwan toka mai duhu, ba zane, ya ishe ka neman aiki da ofis da walima. Masu araha manne cikinsu ake yi da gam, in aka yawaita kai su wanki sai gaban ya yi ƙuraje, ba ya kuma gyaruwa, don haka buroshi da rataya sun fi yawan wanki.

Abu ɗaya da na yaba musu shi ne mayar da kaya. In ta intanet ka saya, doka ta ba ka kwana 14 bayan ya iso ka ce ka fasa, ba sai ka kawo dalili ba. Sai ka yi odar lamba biyu, ka gwada a ɗakinka a natse, ka mayar da ɗaya. Amma da zarar allura ta taɓa shi, ko an ɗinka shi da awonka, ya zama naka. Gwanjo ma akwai, a shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam, musamman na unguwannin masu hali. Wanda ya saba tona dila a Kasuwar Barci ba zai sha wahala ba, zai iya tsintar ulu na gaske da kuɗi kaɗan ya kai gyara.

To ga amsarka. Kada ka ba telan kaftani ɗinkin kwat don kawai ya iya aikin wuya. Kwat aikinta a ciki yake, a shafi da audugar kafaɗa da abin da ke tsayar da ƙirji, sana'a ce daban. In ka san wanda kwat ce sana'arsa, kuma ka ga aikinsa a jikin mai tumbi, ba a jikin gunkin shago ba, ka ɗinka guda ɗaya da za ka sauka da ita, ka ce ya bar rara a ƙugu da baya, don cimar nan tana sa jiki. In ba ka da shi, ka riƙe kuɗinka, ka ware na gyara a ciki, mu je tare in ka iso. Abin da za ka cika jaka da shi kaftani ne da huluna, su ne ba za ka samu a nan da daɗin rai ba. Ka biya wajen telana ka karɓo mini biyu, awona yana littafinsa, sai dai ka ce ya ƙara inci ɗaya a ciki. A gaida Inna, a ce mata kuka da daddawar da ta aiko sun kusa ƙarewa.