Gargaɗi kan masu sayar da kafson "gyaran wutsiyar maniyyi"

Magidanta, a yi hattara da masu tallar kafso a Facebook da TikTok suna cewa akwai furotin a ciki da zai gyara wutsiyar maniyyi cikin mako biyu. Damfara ce tsagwaronta, kuma mutanen da rashin haihuwa ya riga ya hana barci suke cuta.

Gaskiya suka ɗan gutsura suka lulluɓe ƙaryarsu da ita. Da wutsiya ƙwayar maniyyi take iyo. Wutsiyar tana da kube, kuma furotin da ya fi yawa a kuben shi ne AKAP4. Can ciki akwai wani mai suna dainin, shi ke kaɗa ta. A cikin 'ya'yan maraina jiki yake ƙera su, bisa umarnin ƙwayoyin gado. In umarnin ya zo da tangarɗa, kamar a ƙwayar gado ta DNAH1, sai a tarar a madubin awo wutsiyoyi gajeru, wasu a nannaɗe, wasu babu sam, ƙwayoyin maniyyin na kwance ba motsi. Wasu masu larurar dainin ma tun yarinta suke fama da tari da toshewar hanci, domin irin wannan injin ne ke share hanyoyin numfashi. To furotin da ka haɗiya, ciki narkar da shi yake kamar na wake, ba ya isa maraina yadda ya shiga. Batun mako biyu kuwa, ƙera maniyyi kansa yana cin kimanin kwana 74.

Masu tallar za su tambaye ka ko maniyyinka ya tsinke, su yanke maka cuta ta waya, alhali kauri ba ya nuna motsi ko yawa. Ka tura kuɗi, kwalba ta zo ba lambar NAFDAC. In shiru, su ce sanyi ne, ƙara wata. Mafi muni shi ne mai haɗa maka da allurar testostiron, wato sinadarin mazantaka, domin ita dakatar da ƙera maniyyi take yi, har ya kai sifili.

Je asibiti a yi awon maniyyi. Ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, samfur ya isa ɗakin awo cikin awa ɗaya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa mafi ƙaranci ƙwayoyin maniyyi miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin ɗari masu motsi, kashi 4 masu kyan siffa. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, akan maimaita bayan kamar wata uku. In larurar wutsiya ta gado ce, likita zai yi maka bayanin ICSI, inda ake ɗaukar ƙwayar maniyyi guda da allura a sa ta cikin ƙwan mace, aikin da aka fara samun haihuwa da shi a Beljiyam a 1992.