Tandar waina ta nonstik da na saya a Sabon Gari

'Yan uwa mata masu tambaya ko tandar nan ta nonstik tana aiki, wallahi tana yi. A kasuwar Sabon Gari ta Kano na sayi tawa, mai gida bakwai, kan gas nake ɗora ta. Abin da ya fi burge ni mai, ɗan kaɗan za ki shafa wainar ta tashi sumul ba kamu ba ƙonewa, ba kamar tandar ƙasa da sai ta sha mai ta ƙoshi kafin ta saba ba. Ranar da dangin maigida suka zo daga Gumel kafin miyar taushe ta nuna na cika kula, babu hayaƙi babu hawaye.

Amma gaskiya ɗanɗanon nan na itace babu shi, kuma ramukan ƙanana ne, gidan tsakiya ya fi saurin yin ja don haka ki rage wuta sosai. Kar ki kuskura ki sa cokalin ƙarfe, tsinke ko na katako za ki juya da shi, in ta kankare shikenan ta tashi aiki. Ƙullin ma ya ɗan yi kauri, in ya tsinke tsakiyar ba ta nuna.