Wiki Naka Kai Kaɗai a Sabar Haya: Wanne Za Ka Ɗauka?

Ɗan kasuwar Kantin Kwari mai rubuta bashin abokan ciniki da ɗalibin Jami'ar Bayero mai tara bayanan bincike, duk wiki na ƙashin kai, wato shafukan rubutu masu haɗe da juna da kake buɗewa ka gyara ta burauza, zai yi musu amfani. Ajiye shi a kwamfutar gida kuwa, a Kanon nan, wahala ce: ana ɗauke wuta ya tafi. Shi ya sa ake hayar saba, wato kwamfutar wani kamfani da ke kan intanet, a nesa, wadda ba a kashewa.

Fara da zaɓen manhaja. MediaWiki ce manhajar da Wikipedia ke aiki da ita, amma don duniya ta karanta aka gina ta, masu ita ma suna gargaɗin cewa ba a tsara ta don ɓoye wasu shafuka ba. BookStack tana da kyan gani, tana jera rubutu kanta-kanta, littafi-littafi, sai dai tana buƙatar rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB. Wiki.js ma sai da nata rumbun.

Ni dai DokuWiki nake nuna wa mutane. Tun 2004 take aiki, ba ruwanta da rumbun bayanai. Kowane shafi fayil ne na rubutu zalla a cikin jakar data/pages, wanda ko a waya za ka buɗe ka karanta. Kwafe jakar, ka kwafe iliminka. Tana kuma zuwa da tsarin wa zai karanta, wa zai gyara.

Sai wurin zama. Masaukin haɗaka mai cPanel (shafin da ake sarrafa masaukin da shi) ya fi araha, kamfanonin gida suna karɓar naira, amma gidan haya ne, kai da baƙi a inji ɗaya. VPS, wato yankin saba da aka keɓe maka, irin na kamfanin Hetzner ko DigitalOcean, ɗakinka ne kai kaɗai, mai ƙwaƙwalwar gigabait 1 ya ishi DokuWiki. Da yuro ko dala ake biya, don haka gwada katin bankinka tukuna. Zaɓi wanda ke Turai, ya fi Amurka kusa da mu.

Tsaro ne inda na fi damuwa, domin sabuwar saba ba ta daɗewa kafin na'urorin 'yan kutse su fara gwada mata kalmomin sirri. Shiga da mabuɗin SSH (fayil ɗin sirri na shiga saba daga nesa), ka kashe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya. Kunna sabunta tsaro ta atomatik. Takardar HTTPS, mai ɓoye abin da ke wucewa tsakaninka da shafin, kyauta ce a Let's Encrypt. In kuwa kai da iyalinka ne kawai masu karantawa, kada ma ka buɗe wikin ga intanet: sa shi bayan WireGuard ko Tailscale, manhajoji masu haɗa na'urorinka ta keɓaɓɓiyar hanya, wanda ba ya cikin na'urorinka ba zai ko ga shafin shiga ba.

In sunayen mutane da lambobinsu na ciki, amana ce, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta yi magana a kai. Riƙa ɗaukar kwafi a kulle da manhajar restic zuwa wani wuri daban, ka kuma gwada mayar da shi kafin ranar da katinka zai ƙi wucewa a rufe maka sabar.